Biri, Ayaba da Famfon Ruwa: Amsar Wasiƙun Masu Buga Gem

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku na zaɓa a wannan watan, kuma duk a kan irin wasa ɗaya suke: wasannin labari da bincike, waɗanda ba harbi ko tsere ake yi a cikinsu ba, sai yawo, da yi wa mutane tambaya, da tattara kaya a jaka ana warware ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin.

TAMBAYA: Yaya, barka da aiki. Ni ɗan Makka ne, a Shara Mansur aka haife ni, ina aikin karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami. Idan aka fita daga Ramadan da lokacin Hajji, aikin dare yakan lafa bayan ƙarfe biyu, sai in buɗe laftof ɗina kafin kiran Asuba. Wani abokin aikina ne ya nuna mini Monkey Island 2. Ina ta jin daɗinsa har na iso wani famfo a saman ruwa mai gangarowa daga dutse, wanda dole sai an rufe shi kafin a wuce. Babu abin da ban gwada ba. Da na gaji na duba YouTube, sai na ga wai biri ake ɗaukowa, a yi masa siddabaru da ayaba ya sandare, a sa shi a aljihu, a je a murɗa famfon da shi. Wallahi Yaya raina ya ɓaci. Shin ni ne kaina ba ya ja, ko wasan ne ba shi da kan gado? Kuma duba amsar da na yi, satar amsa ce? Tun ranar ban sake buɗe shi ba.

AMSA: Ƙanena, kanka lafiyarsa ƙalau. Ramin da ka faɗa, mutane suke ta faɗawa cikinsa tun 1991, shekarar da kamfanin LucasArts ya fitar da wasan. Ga abin da ke ƙarƙashin maganar birin. A Turancin Amurka akwai wata sifana mai baki da ake buɗewa da tsukewa, wadda a cikin sunanta akwai kalmar biri. Masu tsara wasan sai suka ɗauki sunan suka mayar da shi zahiri: kana neman sifanar biri, to ga biri nan yana kaɗa fiyano a mashayar 'yan fashin teku, ka soka ayaba a kan ɗan abin nan mai lilo da makaɗa ke daidaita kiɗa da shi, idonsa ya bi ayabar har ya ƙame, ka ɗauke shi. Ba'amurke in ya gano zai yi dariya. Amma ko Baturen Ingila ba da wannan suna ya saba kiran sifanarsa ba, balle Bajamushe da Bafaranshe da suka buga wasan a fassare, balle kai da ka tashi da Hausa a gida, Larabci a makaranta da kan titi, Turanci kuma na karɓar baƙi. Ba a ba ka abin da za ka yi tunani da shi ba. Shi kansa Ron Gilbert, wanda ya jagoranci wasan, ya amsa daga baya cewa wannan ƙulli bai kyauta wa waɗanda ba Turanci ne harshensu ba.

Ma'aunin da nake auna irin waɗannan wasanni da shi, daga wurin kakata na samo shi, Allah ya jiƙanta. A saman soron gidanmu na Jidda, bayan Isha'i, takan tara mu ta yi mana kacici-kacici. In ta ce "Baba na ɗaka, gemu na waje", sai mu yi ta lalube mu kasa. Da ta ce wuta da hayaƙi, kowa sai ya dafe kai, don duk abin da ake buƙata yana cikin maganar, mu ne dai ba mu hango ba. Amma in ta ce "Ƙulunƙulufita", amsar gauta ce, kuma ko za ka kwana kana tunani ba za ka isa ga gauta ba. Ko dai ka taɓa ji, ko ba ka taɓa ji ba. Ƙulli mai kyau a gem, in ka ga amsarsa kanka za ka zarga, ka ce ai ga shi nan a gabana. Marar kyau kuwa, in ka ga amsar sai ka ce: to ta yaya zan sani? Haushin da ka ji a daren nan na biyun ne, kuma yana bisa gaskiya.

Ba kuma birin kaɗai ba ne. A Day of the Tentacle na 1993, shi ma na LucasArts, akwai wurin da ake buƙatar hadari ya taso domin tsawa ta faɗa a kan filfilon takardar da Benjamin Franklin yake saki sama. Yadda ake kawo hadarin shi ne a samo bokiti da sabulu da buroshi a wanke wani keken doki. Dalili kuwa, Amurkawa suna da wata ba'a cewa duk ranar da ka wanke mota ranar za a yi ruwa. Mu nan Jidda mutum sai ya yi wata da watanni yana wanke mota kullum, abin da zai sauko mata ƙura ce. Wannan ba'a ba ta cikin kanmu, saboda haka ƙofar a rufe take gare mu tun kafin mu iso.

Wanda ya fi kowanne suna a wajen masu buga irin waɗannan wasanni yana cikin Gabriel Knight 3, na kamfanin Sierra, 1999. Bari in zayyana maka shi daki-daki, ka ga yadda abin yake. Jarumin yana wani ƙauye a kudancin Faransa, yana son hayar babur, amma babur ɗin da ya rage an ajiye wa wani abokinsa ɗan sanda. Sai ya yanke shawarar yin shigar abokin. Zuwa nan babu laifi. Zai sace fasfon abokin, ya ɗauki rigarsa, ya samo hula. Sannan zai nemi gashin baki na ƙarya. Yadda zai samu shi ne ya manna salatif a bakin wani rami da ke jikin ƙofar rumfa, ya fesa wa wata baƙar kyanwa ruwa, ta tsorata ta kutsa ta ramin, gashin bayanta ya maƙale a salatif ɗin. Ya kwashe gashin, ya shafa ruwan zaƙin da Turawa ke zubawa a kan fanke, ya manna a leɓensa. To ga inda hankali ke tsayawa: abokin nan ba shi da gashin baki ko kaɗan. Saboda haka sai jarumin ya ɗauki alƙalami ya zana wa hoton fasfon gashin baki, domin ya dace da gashin kyanwar da ke fuskarsa. A shekarar 2000 wani marubuci mai suna Erik Wolpaw ya yi rubutu a kan wannan ƙulli, inda ya kafa hujja da shi cewa ba wasannin harbi ne suka kashe kasuwar wasannin bincike ba, su suka kashe kansu. Har yau in ana maganar ƙulli marar kan gado, gashin bakin kyanwa ake fara ambata.

Duk da haka, ni a wurina akwai abin da ya fi waɗannan muni. Biri da kyanwa suna tsayar da kai ne a wuri ɗaya, ka san ka maƙale, in ka samu amsa ka wuce. King's Quest V na 1990 kuwa barinka yake ka ci gaba da tafiya alhali ka riga ka faɗi. Tun a farkon wasan jarumin, wani sarki, yana sayen wani kek mai kastad a gidan burodi. Can a kan duwatsun ƙanƙara yunwa ta kama shi, kuma wasan zai bar ka ka ba shi kek ɗin ya ci, abin da kowane mai hankali zai yi. Sai an yi nisa ka haɗu da dodon ƙanƙara, ashe kek ɗin nan za ka jefa masa a fuska ya faɗa rami. Ka riga ka cinye, kuma babu hanyar komawa. Haka nan akwai wani ɓera da kyanwa ta biyo a guje, sau ɗaya tak suke wucewa. In ba ka jefi kyanwar da tsohon takalmi a cikin 'yan daƙiƙun nan ba, can gaba za a ɗaure ka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani masauki, kuma babu ɓeran da zai zo ya cinye igiyar. Wasan ba zai ce maka ga inda ka kuskure ba. Wannan ba gwada basira ba ne, cin amanar lokacin mutum ne, kuma ina jin zafinsa har yanzu in na tuna yaran da nake gani a shagona suna ta zagaye a cikin wasan da ya riga ya rufe musu ƙofa.

Me ya sa masu basira suka yi irin wannan aiki? Na farko, a wancan zamanin wasa yana da tsada, kuma abin da faifan filofi zai iya ɗauka kaɗan ne. Wanda ya san duk amsoshi zai iya gama yawancin wasannin nan a cikin 'yan sa'o'i. In ana son mai saye ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba, sai a tsare shi a hanya na makonni. Na biyu, a lokacin Sierra da LucasArts duk suna da layin tarho a Amurka da ake kira a biya kuɗi kowane minti don a ji amsa, ga kuma littattafan amsoshi da ake sayarwa daban. Ba na cewa da gangan suka riƙa tsananta wasa don a kira layin, amma dai maƙalewar ɗan wasa ba asara ba ce a wurinsu. Mu da muke tsintar faya-fayan nan a kasuwar Harajin Sawarik ta Jidda, galibi ba kwali ba takarda, ba mu da layin da za mu kira. Sai dai ka jira ka haɗu da wani a masallaci ko a makaranta wanda ya wuce wurin.

Na uku shi ne mafi girma, kuma har yau yana nan. Mai tsara ƙulli daga ƙarshe yake farowa. Ya san ana son babur, sai ya tambayi kansa me zai hana a samu. Ya sa fasfo. Me zai hana fasfon ya wadatar? Ya sa gashin baki. Daga ina gashi zai fito? Ga kyanwa. Kowane taki ɗaya, in ka dube shi daga inda yake tsaye, yana da ɗan dalili. Amma kai daga farko kake tahowa, ba ka ga babur a ƙarshen igiyar ba, kyanwa kawai ka gani a kan katanga. Shi kuma ya yi watanni da amsar a kansa, har ya daina iya ganin yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Alamar an kai wannan matsayi ita ce lokacin da ɗan wasa ya daina tunani, ya koma ɗaukar kowane abu da ke jakarsa yana goga shi a kan kowane abu da ke allo, ayaba a kan ƙofa, guduma a kan kare, jarumin kuma yana ta maimaita masa jimla ɗaya cewa wannan ba zai yi ba. Na tabbata haka ka yi a gaban famfon nan.

Maganar satar amsa kuma, cire ta daga ranka. A kacici-kacici ma in an kasa, gari ake bayarwa a karɓi amsa, a ci gaba da hira, ba wanda ya taɓa kiran wannan sata. Masu yin wasannin su ma sun dawo kan haka. Sabon bugun Monkey Island 2 na 2010 yana da maɓallin neman haske a cikinsa. Return to Monkey Island, wanda Ron Gilbert ya fitar a 2022, littafin taimako ne a cikin jakar jarumin, yana fara ba ka ɗan haske kaɗan, in ka ƙara tambaya ya ƙara, sai a ƙarshe ya faɗi amsar ƙarara. Abin da zan ce ka kiyaye shi ne bidiyo, domin ido ba ya tsayawa inda ka ce ya tsaya, sai ka ga amsar ƙulli uku na gaba ba ka nema ba. Rubutacciyar jagora ta fi, ka karanta layi ɗaya ka rufe. Kafin ka duba kuma, ka sake zagaya wuraren da ka sani, ka sake yi wa kowa magana, ka bar shi ya kwana. In gari ya waye babu sabon tunani, duba abinka. Ka koma ka buɗe wasan nan, ƙanena. Bayan famfon akwai wurare masu daɗi da yawa, kuma mafi yawan ƙullin da ke cikinsa irin na wuta da hayaƙi ne.

TAMBAYA: Malam, ina yini. Ni uwa ce a nan Jidda. Ɗana mai shekara 11 ya samu wani wasa a tsohuwar kwamfutar kawunsa, Broken Sword. Kwanan nan na same shi yana kuka, wai wani bunsuru yana ta tunkuyinsa ya hana shi wucewa, har ya buga linzamin kwamfutar da ƙasa. Mahaifinsa ya ce a raba shi da wasan baki ɗaya. Ni kuma na ga tun da ya fara yake tambayata ma'anar kalmomin Turanci. Mene ne shawararka?

AMSA: Hajiya, ranki ya daɗe, wannan bunsuru ya sa manya ma sun yi fushi. Wasan na kamfanin Revolution ne na Ingila, ya fito a 1996, kuma wurin da yaron ya tsaya wani tsohon gidan sarauta ne a ƙasar Ailan. Ga yadda ake wucewa: ya bar bunsurun ya tunkuye shi, da zarar jarumin ya faɗi, kafin bunsurun ya koma mazauninsa, sai ya yi maza ya danna tsohon ƙarfen noma da ke can gefe. Jarumin zai ruga ya ɗan ja ƙarfen, bunsurun ya sake kawo hari, igiyarsa ta sarƙe. Laifin wasan shi ne tun daga farkonsa har zuwa nan bai taɓa neman a yi wani abu da sauri ba, ya koya wa yaro cewa a natse ake komai, sannan a wuri ɗaya ya sauya doka bai faɗa ba. Masu wasan sun san da haka, shi ya sa a bugun 2009 suka sauƙaƙa wurin. Ki gaya wa yaron wannan da bakinki, ki ce masa ba gazawarsa ba ce. Yaro in ya ɗauka shi ne daƙiƙi, abin yakan bi shi har aji.

Buga linzami da ƙasa kam a yi masa faɗa a kai, wannan tarbiyya ce, kuma ke da mahaifinsa kun fi ni sanin yadda za ku yi. Amma ban goyi bayan a raba shi da irin wasannin nan ba, tunda har sun sa shi neman ma'anar kalmomi. Abin da zan ja hankalinki a kai daban ne: Broken Sword da fashewar bam a wani gidan shan gahawa a Faris yake buɗewa, kuma labarin kisan kai ne daga farko har ƙarshe. Ni da zan ajiye masa shi sai ya ƙara shekara biyu ko uku. Ki riƙa duba lambar shekarun da ke jikin kwali ko a shafin sayen wasa.

A madadinsa ki nema masa Machinarium, na wani ƙaramin kamfani a Jamhuriyar Cek mai suna Amanita Design, 2009. Labarin wani ɗan mutum-mutumin ƙarfe ne da aka jefar a juji, ya harhaɗa jikinsa ya koma birni. Babu magana ko ɗaya a cikinsa, da zane ake nuna komai, saboda haka babu ba'ar wani harshe da za ta tare shi. In ya maƙale akwai ɗan ƙwan fitila da zai danna ya ga haske, akwai kuma littafin amsa da ba ya buɗewa sai an ci wani ɗan gajeren wasa. Yana da wurare masu wuya, amma wuyar gaskiya ce. Yana kan waya da kwamfuta duka. In kin samu sarari ki zauna kusa da shi, ki riƙa tambayarsa me yake son yi a wannan ɗakin, me ya hana shi. Sau da yawa yana cikin yi miki bayani amsar za ta faɗo masa.

TAMBAYA: Kawu, ni ɗalibi ne a Madina, ina koyon rubuta manhaja. Ina son in yi ɗan wasa da Hausa a kan tafiyar kakanninmu zuwa Hajji a ƙasa, daga Kano ta Chadi da Sudan har a haye Bahar Maliya. Ta yaya zan kauce wa irin ƙullin da ke sa mutane zagin mai wasa?

AMSA: Ɗana, Allah ya yi albarka, wannan wasiƙa ta faranta mini rai. Labarin nan namu ne, da yawanmu a Makka da Jidda da Madina ta wannan hanya kakanninmu suka iso, a can Sudan wasu suka yi shekaru suna noma a Jazira ko Gadarif suna tara guzuri, wasu suka zauna a Mai Wurno, wasu suka kai Sawakin suka shiga jirgin ruwa.

Tun 1989 Ron Gilbert ya rubuta wata maƙala a kan abin da ke lalata irin waɗannan wasanni, kuma dokokinta suna nan da amfaninsu. Ɗan wasa ya san abin da yake nema a kowane lokaci. Ya ga matsala kafin ya ga maganinta, wato ya tarar da rijiya babu guga kafin ya tsinci guga. Kada ka bar shi ya wuce wurin da ba a dawowa alhali ya bar abin da zai buƙata a baya. In kuma ya yi tunani mai kyau wanda ba shi ka shirya ba, ka saka masa. Misali matafiyinka yana bakin rijiya a Darfur, igiya ta tsinke, kai ka shirya ya karɓo wata wurin mai raƙumi. Ɗan wasa zai gwada kwance rawaninsa ya ɗaura wa gugan. Ko dai ka bar hakan ya yi aiki, ko matafiyin ya ce rawanin bai kai tsawon rijiyar ba. Kada ya ce masa kawai wannan ba zai yi ba.

Ka kuma kiyayi yi wa wasu abin da aka yi mana da biri. In ƙullinka ya dogara da karin magana ko wata al'ada, ka sa wani a cikin wasan ya faɗe ta tun da wuri, domin yaron da ya tashi a Riyad ba lallai ya san abin da na Zinder ya sani ba. Ka buga Return of the Obra Dinn na Lucas Pope, 2018, inda ake gano makomar mutum 60 da ke cikin wani jirgin ruwa ta hanyar lura da tufafi da lafazi da wurin kwanan kowa, ka ga yadda ake wahalar da mutum ba tare da an zalunce shi ba. Wajen kayan aiki, manhajar Adventure Game Studio kyauta ce kuma don irin wannan aka yi ta.

Ka fara da zango ɗaya kawai, ko da ɗaki biyu ne da ƙulli uku. In ka gama, ka ba ƙanwarka ko abokin ɗakinka, ka zauna a bayansa da takarda, ka kama bakinka ko da ya juyo ya roƙe ka. Duk inda ya tsaya ya fara goga kaya a kan kaya, rubuta wurin, nan ne za ka gyara. In zangon farko ya kammala ka aiko mini ta adireshin mujalla, ina son in buga shi.